Daga Tashar Kumbo Zuwa Titin Kotu: 'Yan Mazan Jiya da Zamani a Kano

Mai karatu, in kana cikin waɗanda suka saba zaman majalisa da yamma a Gyadi-Gyadi ko Tarauni, to ba na shakka ka sha jin hirar dattawa ta gangaro kan abubuwa uku. Na farko shi ne kuɗin da Gwamnati take zubawa wajen harba tauraron ɗan'adam alhali asibiti ba magani. Na biyu zanga-zangar samari. Na uku kuwa hukunce-hukuncen kotu, musamman da yake Titin Kotu yana nan a tsakiyar Gyadi-Gyadi, kowa yana ganin lauyoyi da baƙaƙen riguna suna shiga suna fita. Wanda ya saurari irin wannan hira sama-sama sai ya ɗauka ra'ayin 'yan mazan jiya guda ɗaya ne tun fil azal, watau duk abin da zamani ya kawo ba su so. Ni ma da haka na ɗauka. Amma da na koma na bi tarihin abin daga 1960 zuwa yau, sai na tarar maganar ta fi haka wuya, kuma a wurare da dama ta zo a juye.

Kafin mu yi nisa, ya kamata in faɗi abin da nake nufi da 'yan mazan jiya, ko masu ra'ayin riƙau. Ba zagi ba ne. Ina nufin mutanen da suke ganin zaman lafiyar al'umma ya dogara ne kan sarauta da malanta da biyayyar na ƙasa ga na sama, kuma duk canjin da zai zo to ya zo a hankali, ta hannun manya. A siyasar jamhuriya ta farko jam'iyyar NPC ta su Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa ita ce gidansu. Kishiyarta kuwa NEPU, wadda aka kafa a nan Kano ran 8 ga Agusta 1950, wadda Malam Aminu Kano ya zo ya jagoranta.

To bari mu fara da sama. Ran 4 ga Oktoba 1957 Rasha ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko a duniya. Abin ya girgiza Amurka ƙwarai, har ta kafa hukumar NASA a 1958, aka ɗora mata aikin aika mutum ya kewaya duniya a cikin kumbo ya dawo da ransa. Sunan shirin Mercury. Sai dai akwai wata matsala. Kumbon zai riƙa kewaya duniya cikin kimanin minti 90, kuma rediyon da ke cikinsa ba ya jin magana sai daga tashar da take hango shi. Da ya ɓace a bayan gefen sama, shi ke nan, magana ta yanke. A lokacin babu taurarin sadarwa da za su karɓi saƙo su miƙa. Saboda haka tilas a jera tashoshi a ƙasa, a bi hanyar kumbon kamar yadda fatake suke da zango-zango, kowace tasha ta yi magana da shi na 'yan mintoci kaɗan, ta duba bugun zuciyar matuƙin da lafiyar injin, sa'an nan ta buga wa hedkwata waya kafin ya isa zango na gaba. Aka tsara tashoshi 18, biyu daga ciki a kan jiragen ruwa. In kumbo ya tashi daga Cape Canaveral sai ya bi ta Bamuda, ya ƙetare Tekun Atlantika, ya wuce tsibiran Kanari, ya shigo Afirka. Cikin Afirka an zaɓi wurare biyu, Kano da Zanzibar. Kano ita ce tasha ta 5, Zanzibar ta 6.

Ba abin mamaki ba ne da aka zaɓi Kano. Tana kan hanyar kumbon, sa'an nan tana da filin jirgin sama wanda duniya ta sani. Tun a Nuwamba 1925 jiragen sojan Ingila suka sauka a nan daga Masar, su ne jirage na farko da suka taɓa sauka a Nijeriya, kuma a Yaƙin Duniya na Biyu ta Kano jiragen da aka haɗa a Takoradi suke bi zuwa Hartum da Alƙahira. Garin da ya yi ɗaruruwan shekaru yana karɓar ayarin raƙuma daga Gadamas da Agadas bai ga baƙon abu ba don an ce ya zama zango.

Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne lokacin da maganar ta zo. Shekarar 1960 shekara ce ta zargi. Ran 13 ga Fabrairu Faransa ta fasa bam ɗin nukiliya a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, mutanen Arewa kuwa sun san iskar hunturu daga can take busowa. Ran 1 ga Mayu Rasha ta harbo jirgin leƙen asirin Amurka mai suna U-2, kuma ƙaryar farko da Amurka ta yi ita ce wai jirgin binciken yanayi ne na NASA da ya ɓata hanya. Da gaskiya ta fito, sunan NASA ya ɓaci. Duk wanda ya ce tashar kumbo ba ta da haɗi da soja sai a tuna masa da U-2. A Zanzibar mutane suka fito kan titi a 1960 suna ƙin tashar, 'yan jam'iyyar kishin ƙasa irin su Abdulrahman Babu suna cewa sansanin makamai ne za a kafa musu, in yaƙi ya tashi tsakanin manya tsibirinsu ne zai fara ƙonewa.

A Nijeriya fa? Gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta amince da tashar Kano a cikin Oktoba 1960, watau watan da aka sami mulkin kai. Gwamnatin Jihar Arewa a Kaduna tana hannun Sardauna, Kano kuwa tana hannun Sarki Muhammadu Sanusi, wanda a zamaninsa ko bukka ba a kafawa a ƙasar Kano ba da sanin En'e ba. Ashe ke nan waɗanda muke kira 'yan mazan jiya su ne suka buɗe wa kumbo ƙofa. Ba su ga wani abu a cikinsa da ya saɓa wa addini ko sarauta ba. Sun ga abota da babbar ƙasa, sun ga ɗaukakar sabuwar Nijeriya, sun kuma ga abu ne da aka nema ta hannun manya, aka bi ƙofa aka yi sallama. Masu ra'ayin sauyi su ne a wancan lokaci suke zargin duk wani abin da ya fito daga Yamma.

Wutar da ta ci tashar Zanzibar, a nan wani wurin ta kama. Yarjejeniyar tsaro ce tsakanin Nijeriya da Ingila, wadda ta ba jiragen sojan Ingila iznin ratsa sararin samaniyarmu da sauka a filayenmu, filin jirgin Kano kuwa yana cikin abin da Ingila ta fi sa wa ido. A Nuwamba 1960 ɗaliban Kwalejin Jami'a ta Ibadan suka yi ayari zuwa Ikko, suka kutsa harabar Majalisar Tarayya, suka ci mutuncin wasu ministoci. Manyan Arewa suka ɗauki wannan a matsayin rashin kunya tsagwaronta, yara sun tsallake iyakarsu. Amma a Janairu 1962 aka soke yarjejeniyar. Haka kuma wannan Gwamnati da ake cewa ta cika sanyi ita ce ta kori jakadan Faransa a Janairu 1961 saboda gwajin bam na uku a Sahara. Wannan ya nuna mana ra'ayin riƙau bai hana su jin kukan jama'a ba. Abin da ba su yarda da shi ba shi ne a ce titi ne ya tilasta su.

Ranar da tashar Kano ta shiga tarihi ita ce Talata, 20 ga Fabrairu 1962, a tsakiyar watan azumi. Rasha ta riga ta aika Yuri Gagarin tun 12 ga Afrilu 1961, saboda haka Amurka tana bin baya ne, idon duniya kuwa yana kanta. John Glenn ya tashi a cikin kumbon Friendship 7 da ƙarfe huɗu saura kwata na yamma agogon Nijeriya, kuma bai cika rabin sa'a ba ya iso kanmu, daidai lokacin da masu azumi suke haramar la'asar, mata suna dama kunu. Ya leƙo ta taga ya gaya wa ma'aikatan tashar Kano cewa yana ganin ƙura ta tashi ta rufe ƙasa. Suka amsa masa cewa haka ne, garin yana cikin hazo. Watau abin da Ba'amurken farko da ya kewaya duniya ya gani a ƙasar Hausa shi ne hunturu. A lokacin Gyadi-Gyadi da Tarauni ƙauyuka ne da gonaki a bayan ganuwa, manomin da ke gyaran rumbunsa bai san wani ya wuce ta kansa da gudun da ya fi kilomita 27,000 a sa'a ba. Glenn ya kewaya duniya sau uku cikin sa'a biyar ba kaɗan, ya faɗa teku lafiya.

Gwamnati ta yi alfahari da wannan. A 1963 gidan waya ya buga kan sarki mai hoton kumbon Mercury da tashar Kano. Ran 23 ga Agusta na shekarar, Shugaba Kennedy ya yi magana da Tafawa Ɓalewa ta tauraron Syncom 2, ta hanyar wani jirgin ruwa mai suna Kingsport da ke tsaye a tashar Ikko, kuma wannan ita ce hira ta farko da shugabannin ƙasashe biyu suka taɓa yi ta tauraron ɗan'adam. Malamin makaranta daga Bauci, wanda 'yan adawa suke yi wa kallon mai jan ƙafa, shi ne a ɗaya bakin wayar. Tashar Zanzibar ta mutu a 1964 bayan juyin da ya kifar da Sarkin tsibirin, sabuwar Gwamnati ta ce a kwashe, aka koma Madagaska. Ta Kano ta ci gaba da aiki har cikin shirin Gemini, sa'an nan aka rufe ta da buƙata ta ƙare.

Kada a ce na manta da malamai. Lalle da aka ce Amurkawa sun sauka a kan wata a Yuli 1969, a tsakiyar yaƙin basasarmu, dattawa da yawa a zaurukan Kano sun ƙi yarda, har yau kuwa akwai masu cewa a wani dutse aka ɗauki hoton. Da ciwon idon nan mai saurin yaɗuwa ya ɓulla a Gana a shekarar ya bazu Afirka ta Yamma, sai aka laƙaba masa sunan kumbon, shi ne afolo da muke fama da shi har gobe, wai an taɓa abin da bai kamata a taɓa ba. Amma wannan shakka ce ta mai jin labari daga nesa, ba ta taɓa zama ƙiyayya mai tsari ba. Ba a yi wa kumbo zanga-zanga ba. Ƙasar da ta fi kowace riƙau a duniyar Musulmi ma, watau Saudiyya, ita ce ta aika ɗan gidan sarautarta, Yarima Sultan bin Salman, sararin samaniya a Yuni 1985. Inda malamanmu suka tsaya kai da fata shi ne ganin watan azumi da na salla, cewa ido ne shaida, kuma Sarkin Musulmi ne mai sanarwa. A nan ma in ka duba, maganar wane ne ke da ikon faɗa ce ta fi maganar na'ura ƙarfi.

Ko a Amurka kanta sukar ta fito ne daga ɓangarori biyu. Tsohon Shugaba Eisenhower, mai ra'ayin riƙau, yana ganin tseren zuwa wata ɓarnar dukiyar masu biyan haraji ce don neman suna. Daga ɗaya gefen kuma Ralph Abernathy, magajin Martin Luther King, ya ja talakawa da kekunan alfadarai zuwa bakin filin harba Apollo 11, yana tambayar yadda ƙasar da ke kashe wajen dala biliyan 25 don zuwa wata ta kasa ciyar da mayunwatanta. Tambayar da ake yi a majalisun Tarauni yau jikanyar waɗannan biyun ce, sai dai mai yin ta bai san daga wane ɓangare ya gaje ta ba.

Yanzu mu sauko ƙasa, inda rigimar gaske take. A 1958 Majalisar Jihar Arewa ta yi dokar yara da matasa, wadda ta hana duk yaron da bai kai shekara 16 ba shiga harkar siyasa, ta kuma sa hukunci a kan babban da ya ja shi ciki. Kowa ya san inda aka nufa, domin yara ne ke rera waƙoƙin NEPU a lungu-lungu, suna faɗin abin da iyayensu ba su isa su faɗa a gaban dogari ba. A 1959 kuma, bisa shawarar kwamitin Willink, aka sa 'yancin ɗan'adam a cikin tsarin mulki, har da 'yancin faɗin albarkacin baki da na taro. Sai aka kai dokar gaban Babbar Kotun Arewa a 1960, a shari'ar da littattafan lauyoyi suke kira Cheranci da Cheranci. Mai Shari'a Bate ya yarda cewa dokar ta taɓa waɗannan 'yanci, amma ya ce taƙaitawar tana da hujja, domin a kare tarbiyyar yara da zaman lafiyar jama'a. J. S. Olawoyin na jam'iyyar Action Group ya sake gwadawa, Kotun Ƙoli ta Tarayya ta sallame shi a 1961, ta ce ba a taɓa shi ba tukuna, saboda haka ba shi da bakin ƙara. A shekarar ne kuma kotun ta tabbatar da cewa dokar tayar da zaune tsaye da aka kama Dokta Chike Obi da ita, saboda wata 'yar takarda da ya rarraba yana sukar Gwamnati, ba ta saɓa wa tsarin mulki ba.

Ni dai ban ga hujjar Bate a matsayin wauta ba. Mutanen da suka ga tarzomar Kano ta Mayu 1953, inda aka kashe aƙalla mutum 36 cikin kwana huɗu, suna da dalilin tsoron taro. Uban da ya ce kada a sa ɗansa gaba a kai shi inda ake jifa bai yi laifi ba. Inda hujjar ta yi rauni shi ne ba a auna ta da mudu ɗaya ba. A wannan zamanin ne ƙungiyar da ake kira 'Yan Mahaukata take dukan 'yan NEPU a cikin birni, alƙalan En'e kuma suna ɗaure mutum don ya ambaci sunan Sarki a lacca. In taro ya zama na masu goyon bayan fada, sunansa mubaya'a. In na 'yan adawa ne, sunansa fitina.

Hujja mafi ƙarfi a kan haka ta zo ran 10 ga Yuli 1981. Gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero takardar tuhuma, tana neman ya ba da amsa cikin sa'a 48. Kwana uku bayan haka gari ya kama da wuta. Aka ƙona gine-ginen Gwamnati, har da gidan rediyon Kano, aka kuma kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba Gwamna shawara kan siyasa, a gidansa. Waɗanda suka fito ranar ba 'yan sauyi ba ne, da sunan kare martabar sarauta suka fito. Shekara uku kafin nan, a Afrilu 1978, da ɗalibai suka tashi kan ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin rana guda, suna neman a sauke Kanar Ahmadu Ali daga Ma'aikatar Ilmi, har aka harbe wasu a Ikko da Zariya, manya da yawa cewa suka yi yara ne ba su da tarbiyya. Ban ji an yi wa masu ƙone-ƙonen 1981 irin wannan faɗa da irin wannan murya ba.

Game da kotu kuwa, zargin da 'yan mazan jiya suke yi wa kotun Bature tsoho ne. Tushensa shari'ar Tsofo Gubba ta 1947, inda kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa mutum hukuncin kisa bisa mazhabar Malikiyya, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta rushe, ta ce a dokar Turawa laifin bai kai na kisa ba tunda an tunzura shi. Sarakuna suka ji an shiga gonarsu. Daga nan aka yi ta ja har Sardauna ya gayyato masana a 1958 ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Abu Rannat, aka fito da sabon kundin hukunta laifuffuka wanda ya fara aiki a 1960. Sa'an nan soja suka zo, a zamanin Hassan Usman Katsina aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, Sarki ya daina zaman shari'a. Duk da haka, kamar yadda muka gani, a maganar zanga-zanga kotun Baturen nan bayan manya ta bi a 1960 da 1961.

Abin ya juya ne a wani mako guda na Satumba 2003, wanda ya haɗa duk zaren maganarmu. A cikin makon ne jam'iyyar ANPP ta yi gangami a Kano, tana ƙin sakamakon zaɓen shugaban ƙasa na shekarar, 'yan sanda suka watsa wa taron barkonon tsohuwa, suka ce ba a karɓi izni ba. Dokta Chuba Okadigbo, wanda ya tsaya wa Janar Muhammadu Buhari mataimaki, yana wurin, ya rasu ran 25 ga wata, mutane da yawa kuwa suka danganta rasuwarsa da hayaƙin. Ran 27 ga wata aka harba NigeriaSat-1, tauraron ɗan'adam na farko na Nijeriya, daga Plesetsk a Rasha. Wani kamfanin Ingila ne ya ƙera shi tare da injiniyoyinmu, a kan kimanin dala miliyan 13, ƙarƙashin hukumar sararin samaniya da aka kafa a 1999. ANPP da wasu jam'iyyu suka kai ƙara, Babbar Kotun Tarayya ta ba su gaskiya a 2005, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar a Disamba 2007 cewa neman iznin 'yan sanda kafin taro ragowar mulkin mallaka ne, ya saɓa wa tsarin mulki. Abin lura, ANPP ita ce jam'iyyar da akasarin masu ra'ayin riƙau na Arewa suka fake a cikinta a lokacin. Su ne suka samo wa kowa 'yancin hawa titi, domin a karon nan su ne a waje, wasu ne a ciki.

A wannan zamanin ne kuma sukar tauraron ɗan'adam ta shiga bakin dattawa, kuma ta sami abin kamawa. NigComSat-1, wanda Sin ta ƙera ta harba a Mayu 2007 a kan kimanin dala miliyan 300, ya mutu a Nuwamba 2008 saboda fikafikansa masu tara hasken rana sun lalace. Aka yi ta dariya, ana cewa ƙasar da ta kasa ba da wuta a ƙasa ta je ta yi rashin wuta a sama. An maye gurbinsa a Disamba 2011. Gaskiya ita ce ƙaramin tauraron na 2003 ya yi aikinsa, har hotunan ɓarnar guguwar Katrina ya ɗauka wa Amurka a 2005, kuma hoton sama abu ne da manomi da mai yaƙi da kwararar hamada da mai tsara gari suke buƙata. Amma mutumin da ya kwana a layi a asibiti yana neman gado ba shi da lokacin wannan bayani, ban kuma ga laifinsa ba. Abin da ya canja tsakanin 1962 da 2008 shi ne a da kuɗin Amurka ne kuma an yarda da waɗanda suka sa hannu, yanzu kuwa kuɗinmu ne kuma yardar ta tafi.

Sai Agusta 2024. Kafin ranar 1 ga wata, da aka sa don zanga-zangar tsadar rayuwa, Shugaba Tinubu ya gana da sarakuna da malamai, masallatai da yawa kuma suka yi huɗuba suna jan kunne, da hujjar da muka sani tun 1953: ana sanin farkon fitina, ba a sanin ƙarshenta. Samari da yawa suka mayar da martani cewa yunwa ma fitina ce. A Kano abin ya ɓaci tun ranar farko, aka fasa wurare aka kwashi kaya, har da sabuwar cibiyar fasahar sadarwa da ba a ma buɗe ba, aka sa dokar hana fita, wasu yara suka ɗaga tutar Rasha. Ƙungiyar Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a ƙasar, 'yan sanda suka musa. Dattawan da suka yi gargaɗi suka ce ai ga irinta nan.

Amma ran 1 ga Nuwamba aka gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, da yawansu yara ne daga Kano da Kaduna, bayan wata uku a tsare. Aka ga ƙasusuwansu a waje, huɗu suka faɗi a gaban alƙali, aka kuma sa belin kowane ɗaya naira miliyan 10. A nan sai muryar dattawa ta canja. Waɗanda suka la'anci zanga-zangar su ne kuma suka ce wannan ba shari'a ba ce, yaro ai horo ake yi masa a mayar wa iyayensa. Ran 4 ga wata Shugaban Ƙasa ya ba da umarni a sake su, washegari kotu ta kori ƙarar. In ka duba da kyau, hujjar da Bate ya kafa a 1960 don hana yaro siyasa, watau cewa yaro bai mallaki hankalin kansa ba, ita ce dai aka ɗauko a 2024 don a cece shi daga tuhumar da hukuncinta kisa ne.

A cikin wannan shekarar ne kuma rigimar sarautar Kano ta iso Titin Kotu. Ran 23 ga Mayu 2024 Majalisar Jiha ta soke dokar masarautu ta 2019, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya mayar da Muhammadu Sanusi na Biyu, jikan Sarkin da aka kafa tashar kumbo a zamaninsa, Aminu Ado Bayero kuma ya sauka a gidan Nassarawa. Babbar Kotun Tarayya da ke Gyadi-Gyadi ta ba da umarni iri ɗaya, Babbar Kotun Jiha ta ba da wani iri, a Janairu 2025 kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ta Tarayya ba ta da hurumin shiga maganar sarauta, aka nufi Kotun Ƙoli. Na ga dattawan unguwarmu, waɗanda kakanninsu suka yi fushi a 1947 don alƙalin Bature ya taɓa hukuncin Sarki, sun kasu biyu a kan tabarma ɗaya, kowane ɓangare riƙe da rediyo, yana jiran ya ji wanda alƙali mai gashin doki zai ce shi ne Sarki.